Yaya Bukar da Mai Sunan Babanmu

Tun da na dawo daga Gana ƙawayena ba su bar ni na huta ba. Wadda ta zo yi mini barka da dawowa sai ta zauna a bakin katifa ta ce, "Jidda, da gaske ne ba a hango ɗaya gaɓar teku?" Wata ta ce, "Wai da gaske Yaya Bukar kokawa yake koya wa ƙatti?" Na ba da labarin a tsakar gida, na ba da shi a gidan biki, na ba da shi ta waya har muryata ta dishe. Amma kullum sai in lura na tsallake wurin da ya fi taɓa ni, don a baki ba ya faɗuwa. Shi ya sa na zauna in rubuta, kowa ta karanta da kanta.

Yaya Bukar shi ne ɗan fari a gidanmu. A makarantar kwana ya fara wasan zari-ruga, wanda ake rungumar ƙwallo mai siffar gwanda a ruga da ita. Da ya tafi karatu Ankara, wato Akra babban birnin Gana, sai ya koma irin wanda ake yi mutum sha uku-sha uku, har 'yan wani zango suka ɗauke shi kocin ƙungiyarsu. Can ya yi aure, can aka yi masa haihuwar fari. Matarsa, Anti Rahinatu, ba ta da uwa a raye, don haka aka ce Gwaggo Yagana, yayar Babanmu, ta je ta yi mata wankan jego, ni kuma in raka ta tunda na gama makaranta ina zaune.

Da asubar da za mu tafi Inna ta kira ni ɗaki. Ita ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, kamar yadda ba ta taɓa kiran na Babanmu ba har Allah ya yi masa rasuwa. Ta ce, "Na ji an ce abin ƙwallon nan ya daina yi. Ki gaya wa yayanku gonar fadama tana hannun mutane. In sun sallame shi, kada ya tsaya jin kunya, ya kwaso iyalinsa ya taho." Na ce to. A raina kuwa har na fara hango shi a bakin kogi da yamma, wandonsa a naɗe, yana duba shinkafa.

Ruwa bai gama janyewa daga fadama ba lokacin da muka fita Haɗeja. Fararen balbelu sun yi layi a kan kunyoyin shinkafa, masunta na tura kwalekwale a inda bara aka shuka alkama. Gwaggo ba ta kalli ko ɗaya ba, hankalinta na kan kayanta: kwalin bandar kifi, ƙullin kanwa, gero, da kwalaben turaren wuta da humra da ta haɗa da hannunta. Duk inda mota ta faɗa rami sai ta ce, "Direba, a hankali, ba duwatsu na ɗauko ba."

A Kano muka shiga babbar bas ta Legas. Maƙwabciyar kujerarmu wata Bayarabiya ce mai sayar da atamfa, an haife ta a Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa gudu. Kafin mu kai Kaduna ta san tarihin gidanmu kaf, ta kuma saya wa Gwaggo dafaffiyar masara. Ita ce ta taɓa ni a gadar Jebba ta ce, "'Yar Haɗeja, tashi ki ga ruwa." Na leƙa na ga kogin Kwara shimfiɗe kamar an kwance rawanin sama an baza shi a ƙasa. Ni da nake taƙama da kogin garinmu sai na raina shi. Gwaggo ta leƙa ita ma ta ce, "Babba ne, amma ba lallai kifinsa ya kai namu daɗi ba."

A Agege muka sauka, gidan wata 'yar ƙanwar kakarmu. Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya, jirgin ƙasa na wucewa ta bayan katanga har kwanuka na rawa a kan kanta. Ta ba mu amala da miyar ewedu. Na sa hannu na ɗebo, miyar ta zille ta koma kwano, na sake ɗebowa ta sake zillewa, yaran gidan suna ta ƙyalƙyala dariya. Gwaggo ta ce ai wannan lalo ce aka canza mata suna, ta cinye nata tas.

A iyakar Seme ne turare ya kusa tsayar da mu. Wata jami'a ta buɗe jakar Gwaggo ta ga kwalabe cike da baƙaƙen itatuwa masu danƙo, ta ɗaga ɗaya tana juyawa, ta tambaya da Turanci mene ne wannan. Na yi bayani iyakar iyawata, ba ta gamsu ba. Sai Gwaggo ta hango wata mai gasa masara a bakin hanya, ta je ta roƙo garwashi a murfin gwangwani, ta dawo ta barbaɗa turaren a kai. Hayaƙi ya tashi a hankali ya cika rumfar. Jami'ar ta rufe ido. Wani dattijo mai hula da ke buga hatimi a can gefe ya ɗago kai ya ce da Hausa, "Hajiya, daga Barno?" Gwaggo ta ce, "Kakanni dai. Mu Haɗeja." Ya ce shekara da shekaru rabonsa da wannan ƙamshin, uwarsa 'yar Gashuwa ce. Aka buga mana hatimi, muka bar su suna shaƙa.

Kwatano garin babura ne, 'yan acaɓarsu duk da riga ruwan ɗorawa, in danja ta sake su sai ka ce fari sun taso. Na sayi burodinsu dogo kamar taɓarya, Gwaggo ta gatsa ta ce wannan sai mai haƙoran aro. Amma abin da ba zan manta ba shi ne Lome. Muna cikin tafiya gidaje suka ƙare ta hannun hagu, sai rairayi da itatuwan kwakwa, sai kuma wani abu shuɗi da ya tashi ya haɗe da sama. Na ɗauka hadari ne. Da na gane ruwa ne sai na kama hannun Gwaggo. A wurinmu ruwa baƙo ne: ya zo da damina, ya ci gona ko ya ba da kifi, ya tafi. Wannan kuwa ba ya zuwa ba ya tafiya, yana nan yana numfashi tun ran da aka halicce shi. Gwaggo ta daɗe tana kallo, ta ce, "Subhanallahi," ba ta ƙara komai ba, kuma wannan ne karo na farko a tafiyar da ba ta ce namu ya fi ba.

Daga Aflao muka shiga Gana, Yaya ya tarye mu a tasha. Ya yi faɗi, ya tara gemu, amma da ya durƙusa gaida Gwaggo sai na ga idonsa ya faɗa. An riga an yi suna kafin mu iso, jaririyar mace ce, mai yawan gashi. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakiya. Zangon kuwa Hausa ake yi ko'ina, sai dai Hausa ce da ta sha ruwan teku, ta gauraya da yarukan da ban sani ba. Zan rubuta maganarsu da irin tamu don kada in wahalar da ku.

Washegari da safe Anti Rahinatu ta aike ni sayo waace a bakin layi, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba mata taliya da gari da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Mai sayarwar, Mma Memuna, mace ce ƙaƙƙarfa mai murya kamar ta sanƙira. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne maza da mata a benci ɗaya suna ci suna musu, kuma macen ce ke jan musun. Ba wanda ya san ni, na tsaya a layi da kwanona.

Wani siririn mutum da tef ɗin awo a wuya, Masta Issaka tela, yana cewa, "Ni dai na faɗa, ran Asabar in an sake cin mu, ya tattara ya koma Najeriyarsu. Bana wasa nawa muka ci? Ɗaya! Shi ma don motar waɗancan ta lalace a hanya, sun iso a gajiye."

Mma Memuna ta buga ludayi a bakin tukunya. "Issaka, ka ji tsoron Allah. Wa ya kawo kofi unguwar nan? Kafin ya zo, yaran nan ban da zaman bakin kwata me suke yi? Ranar kofin ba kai ka ɗinka wa akuyarka riga kore ba?"

Aka fashe da dariya. Masta Issaka bai ji kunya ba. "Na ɗinka, kuma akuyar ta mutu, kofin ya yi tsatsa. Shekara nawa za mu yi muna cin tsohon tuwo? Waccan shekarar ma yaran da ya tarar ne suka ci masa."

"Yaran da ya tarar ko ƙwallon ba su iya riƙewa ba!"

"To, ki gaya mini abu ɗaya, Mma. Kyaftin. Kowa a filin nan ya san ta gefensa ake shigo mana. Gwiwarsa ta mutu tun bara. Makaho ma ya gani. Me ya sa bai taɓa cire shi ba? Ko tsawa bai taɓa yi masa ba. Ko dai Kyaftin ɗin bashi yake binsa?"

Mma Memuna ta ci gaba da zuba abinci. Wani saurayi ya ce asiri ne, wani ya ce a'a, koci ne ba ya son a ce ya yi kuskure. Sai a lokacin ta dube ni ta ce, "'Yan mata, na nawa? Ke baƙuwa ce ko?" Na ce e, daga Haɗeja, ƙanwar koci. Masta Issaka ya cire tef ɗin daga wuyansa ya naɗe, ya ce, "Sannu da zuwa, ƙanwata. Yayanki mutumin kirki ne, wallahi. Kirkin ne ma ya yi yawa." Mma Memuna ta ƙara mini ƙwai biyu ta ce gaisuwar maijego ce.

A hanyar komawa na fahimci abin da ake ciki. Wasan Asabar shi ne na ƙarshe a kakar, bayansa kwamitin unguwa zai zauna a yanke ko Yaya zai ci gaba ko a nemo wani. Saƙon Inna na bakina, amma na kasa fitar da shi.

Da la'asar na bi shi filin atisaye, wani fili mai jar ƙasa a bayan makarantar firamare. Ban taɓa ganin mutane irin waɗannan ba. Wasu kamar an sassaƙa su daga kututturen kuka, amma in sun ruga ƙafarsu ba ta nauyi. Akwai Hausawa, akwai Dagomba, akwai 'yan bakin teku masu sunayen ranaku. Yaya ya yi mini bayani a gurguje: ba a jefa ƙwallo gaba, sai baya ko gefe. In an kayar da ku sau shida ba ku kai ta bayan layi ba, kun miƙa wa abokan karawa. Masu tsaro kuma layi ɗaya suke yi, su taso tare su koma tare. Da na ga sun jeru suna tahowa kafaɗa da kafaɗa sai na tuna ranar kamun kifi a tafkunan wajen Baturiya, yadda masu homa ke jeruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, in mutum ɗaya ya yi jinkiri kifin duk ta wurinsa zai tsere.

Kuma akwai mai jinkirin. Wani dogo ne mai furfura ɗaya-ɗaya a gemu, gwiwarsa ta dama a ɗaure, Kyaftin ɗin da Masta Issaka ke faɗa. Duk sanda layin ya taso shi ne a baya da taki guda. Yaya kuwa, wanda a gida ba a jin muryarsa, a nan ya zama wani mutum. "Kofi, ina idonka! Mutawakilu, barci kake yi? Yaw, koma!" Kowa da sunansa, kowa da rabonsa na tsawa. Amma da ya zo kan dogon sai ya rage murya, ya kawar da ido, ya ce, "Baba, a ɗan ƙara ƙoƙari."

Na ɗauka don ya girme su ne. Sai wani ya jefa masa ƙwallo ya ƙwala masa kira da sunansa na yanka. Sunan Babanmu ne. Ba suna ne da ake yawan ji ba, rabona da jin sa a bakin wani tun ranar da liman ya faɗe shi a addu'ar bakwai. Ni ma ba zan rubuta shi a nan ba, hannuna ba zai iya ba.

Da na gaya wa Gwaggo tana dama kunun kanwa, sai ta ajiye muciya. Bayan magariba ta sa aka kira Yaya, ya zauna a bakin ƙofa.

"Bukar, an ce kana da gurgu a cikin 'yan kokawarka."

"Ba gurgu ba ne, Gwaggo. Ciwo ne, zai warke."

"Tun yaushe yake warkewa?"

Can ya ce, "Shi ya fara karɓa ta a garin nan. A ɗakinsa na kwana kafin in sami nawa. Kuma ranar da aka yi mini waya an ce Baba ya rasu, muna fili, ban samu jana'iza ba. Na juyo sai ga shi tsaye a gabana da sunan. Gwaggo, ta yaya zan buɗe baki a gaban jama'a in ce masa fita?"

"Su mutanen nan sun san dalili?"

"Wa zan gaya wa? A nan yaro na kiran sunan ubansa a gabansa, ba komai ba ne. Dariya za su yi."

Gwaggo ta ce, "To ni na goya mai sunan, na wanke masa kashi, na dake shi da mafici. Kunya aka ce ka ji ta sunan, ba a ce ka kashe bawan Allah da ita ba. Kana kallo yana jan ƙafa a gaban duniya ana zaginsa, kai kana ganin girmama shi kake yi?" Yaya ya ɗauki jaririyar ya daɗe yana kallonta, sannan ya fita masallaci.

Ran Asabar unguwar duka ta yi kore. Muka cika motoci ƙanana da suke kira turoturo, da ganguna da wani ƙahon roba mai kukan saniya. Gwaggo ta ce ba za a bar ta a gida ba, ta ɗaura ɗankwali kore na aro. A filin Mma Memuna ta ja mu kusa da ita, Masta Issaka na bayanmu, ya riga ya fara mita tun ba a busa usur ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku karon farko ba. Mutum biyu suka haɗu da gudu, ƙarar ta zo har inda muke, kamar an yar da buhun gero daga kan mota. Na rufe ido na ce shi ke nan an yi kisa. Da na buɗe sai na ga wanda aka kayar ya miƙe, ya tura ƙwallon baya da ƙafa, an ci gaba kamar ba a yi komai ba. Gwaggo ta ce, "La ilaha illallahu! Kuma ba wanda zai rama?" Ba wanda ya rama. Wannan ya fi komai ba ni mamaki: ƙarfi kamar na bijimai, amma alƙalin wasa, ɗan tsurut da shi, in ya ɗaga hannu sai ƙatti su ja da baya kamar ɗalibai. Sannan akwai lokacin da ƙwallon ke tafiya daga hannu zuwa hannu, kowa na miƙa wa na bayansa alhali dukansu gaba suke yi, kamar jerin tsuntsayen da ke zuwa mana da kaka. Na manta da tsoro, na tsinci kaina a tsaye.

Namu suka fara ci, Kofi ya kurɗa ya faɗa bayan layi da ƙwallo a ƙirji. Mma Memuna ta rungume Gwaggo har ɗankwalin aro ya faɗi. Amma waɗancan sun san inda ƙofa take. Sau biyu suka turo wani saurayi mai gudun barewa ta gefen Kyaftin, sau biyu yana wucewa, Kyaftin na binsa da hannu a miƙe. Masta Issaka ya dafe kai yana cewa, "Ga shi nan! Ga shi nan! Ni mahaukaci ne da nake faɗa?" Mutane suka fara rera wata waƙa da yarensu, ban ji ma'anarta ba amma na ji sunan koci a ciki, kuma ba yabo ba ne.

Bayan hutun rabin lokaci aka sake shigowa ta wurin. Wannan karon Kyaftin ya jefa jikinsa duka ya kama ƙafar yaron, suka faɗi tare. Ya tashi da ƙyar, ya koma layi yana ɗingishi, ya ɗaga wa benci hannu wai lafiya lau. Na dubi Yaya. Yana tsaye a bakin layi, hannayensa a baya, kamar yadda yake tsayawa in Babanmu na magana. Ya ce, "Baba," ba wanda ya ji. Ya sake cewa, "Baba!" Ganguna suka haɗiye shi.

Sai ya sa hannu biyu a baki ya kira sunan.

Duk filin ya ji. Ni kuwa ji na yi kamar an buɗe ƙofar ɗakin da aka daɗe da rufewa. Tunda nake ban taɓa jin wannan sunan da muryar wani ɗan gidanmu ba. Ya sake kira, ya ce, "Fito! Ya isa haka, fito!" Kyaftin ya tsaya cak, ya juyo. Ya cire ƙyallen da ke damtsensa ya ɗaura wa Mutawakilu, ya tako a hankali har bakin layi. Masu waƙa suka yi shiru, sai Mma Memuna ta fara tafi, aka ɗauka, har 'yan ɗaya ɓangaren. Yaya bai iya kallonsa ba, kansa na ƙasa. Kyaftin ne ya dafa masa kafaɗa ya wuce ya zauna. Gwaggo na share ido da bakin mayafi tana cewa ƙura ce.

Wanda aka sa a madadinsa ya toshe ƙofar, namu suka sake ci, aka zo ana neman ɗaya. A ƙarshen ƙarshe Yaw ya miƙa hannu da ƙwallo, saura kamar tsawon tafin hannu ya taɓa layi, aka danne shi. Usur ya tashi. An ci mu.

Washegari kwamiti ya zauna a ƙarƙashin rumfar makaranta. A wurinmu da dattawa ne za su shige zaure a fito a gaya wa mutane. A can kowa ya zo, har masu goyo, kowa kuma sai ya tofa. Masta Issaka ya fara, ya jero duk wasannin da aka sha kashi tun bara, bai manta ko ɗaya ba. Mma Memuna ta jero yaran da suka koma makaranta da waɗanda suka bar shaye-shaye. Wani ya ce ƙungiya ba gidan marayu ba ce, ci ake so. Aka yi ta yi, ni kuma ina can baya, ban san wanne nake roƙa ba, a bar shi ko a sallame shi mu tafi gida tare.

Sai Kyaftin ya miƙe da sanda. Ya ce, "Jama'a, rabin laifin nawa ne. Tun bara na san na ƙare. Kullum ina jira ya ce in huta, bai ce ba. Na ce mutumin da ke kira na Baba a gaban yara, in na ce na gaji ai na watsa masa ƙasa a ido. Jiya Hajiya ta gaya mini dalili." Ya nuna Gwaggo, wadda ashe ta tare shi a bakin mota. Ya faɗa musu maganar sunan. Wasu samari suka fara dariya, wani tsoho Bazabarme da ke gaba ya juyo ya dube su, suka daina. Tsohon ya ce su ma haka suka taso, zamani ne ya shanye.

Masta Issaka ya daɗe yana murza tef ɗinsa. Ya ce, "To ni yanzu me zan ce? Shekara guda ina cewa bashi ne. Koci, tsakaninka da Allah, akwai sauran mai sunan wani naka a ƙungiyar nan? Kawu, ko kaka, ko surukinka? Ka faɗa yanzu mu sani."

Rumfar ta ɗauki dariya, har Yaya. Ya ce babu. Aka ɗaga hannu, aka ba shi kaka ɗaya, da sharaɗin Kyaftin ya zama mataimakinsa. Masta Issaka bai ɗaga ba, ya ce shi zai ajiye hannunsa sai ya ga wasan farko, amma shi ne ya ce a kawo masa rigunan ya sake musu lamba.

Ranar da zan taho, don Gwaggo sai an yi arba'in, Yaya ya raka ni tasha ya haɗa ni da wasu 'yan kasuwar Kano. A nan na isar da saƙon Inna. Ya ce, "Na sani, Jidda. Ki ce mata a bar gonar a hannun mutanen bana ma. Ki ce ban gama ba."

Na iso Haɗeja ruwa ya janye, an fara yankan shinkafa. Inna ta bari na ci abinci na yi wanka, ta tambayi jaririya da maijego da Gwaggo, sannan ta ce, tana tsince wake, "Yayanku fa?"

Na ce, "Ba bana ba, Inna." Na ba ta labarin duka, har wurin da ya sa hannu a baki.

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. "Ya faɗa? Da bakinsa?"

"Da ƙarfi ma, Inna. Duk filin ya ji."

"Shi mai sunan, ya fito?"

"Ya fito."

Sannan ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce, "Shi ma marigayi haka yake. Ko zazzaɓi yake yi ba ya barin gona sai an daka masa tsawa. Mu dai ba mu taɓa iyawa ba."